Babura a Cikin Falo

Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Injin jirgi ne ya sallame shi, bayan shekarun da na kwashe zaune a gindinsa tsakanin Wara da Yelwa ina jigilar bandar kifi da buhunan albasa. Na dama yana nan yana zuwa aiki, amma irin zuwan da wasu ma'aikata ke yi: ya leƙo da hantsi, kafin azahar ya sulale. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da aka ɗora wa alhakin zaɓen kayan sauti. Boko kuwa ban yi nisa ba. Ni da malamin ajinmu mun rabu ana ganin mutuncin juna tun ban gama firamare ba, saboda haka in rubutuna ya karkace a yi haƙuri.

Mai kunne a gidanmu ita ce Hajiya, matata. Ɗiyar kawuna ce, tun muna yara muke tsokanar juna, aure bai raba mu da halin ba. Ita ce ta ji 'yan bindiga ranar da suka zo ƙauyenmu na bakin ruwa ta wajen Ngaski. Da la'asar ne, ina gyaran kalli, ragar kamun kifi, a ƙofar gida, ta fito da ludayi a hannu ta tsaya cak.

"Malam, babura."

Na ce babur ai kullum ana ji.

"Ba guda ba ne. Kuma ba ta hanya suke tahowa ba, ta daji."

Ni ban ji komai ba sai kukan akuya. Amma na ga fuskarta, na yar da kallin. Mu da maƙwabtan da suka yarda da kunnenta muka faɗa jirgi. Muna tsakiyar ruwa muka juyo muka ga hayaƙi. Waɗanda suka tsaya gardama ba zan yi maganarsu a nan ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mun yi ta raɓe-raɓe a gidajen dangi har babban ɗanmu, wanda ke aiki a Kaduna, ya gina mana gida a sabuwar unguwa a gefen Yelwa. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, uwarsa ma ba ta faɗi, "wancan na Kaduna" take cewa. Gida ne mai kyau, da falo da tayil da sola a kan rufi. Aibinsa ɗaya, shi ne na ƙarshe a layin. Bayansa gonakin gero ne, bayan gero sai daji.

Ranar da muka tare Hajiya ta zagaya gidan, ta leƙa ta tagar baya ta daɗe tana kallon geron. Ba ta ce yana da kyau ba, ba ta ce ba shi da kyau ba. Ta ɗauko ƙunshin kayanta, zannuwa da tasoshi da carbi da maganin hawan jini duk a ɗaure cikin zane guda, ta ajiye a bakin ƙofar falo. Na ce a kai ɗaki.

"Bar shi nan. Zan gwada zama. In ban iya ba, gungu zan tahi wurin ƙanena. Babur bai hawa ruwa."

Ni kuwa ba zan iya zaman gungu, tsibirin tsakiyar ruwa, ba. Gwiwoyina sun ƙi shiga jirgi da fita, likitana yana Yelwa, kuma mutumin da ya taɓa mallakar jirgi da inji ba ya komawa cin tuwon ƙanen matarsa. Ta sani, ni ma na sani. In ta tafi, rabuwa ce da tsufa, ba saki ba faɗa. Kullum da safe in na dawo masallaci sai na fara duba ƙunshin nan. Watanni suka wuce yana nan a ɗaure, tana ciro abin da take so ta sake ɗaurewa.

Wancan na Kaduna ne ya kawo shawara ta waya. Ya ce kaɗaici ne ke damun Inna, ba ta san kowa a unguwar ba, kuma ya lura tana son kallon fim a waya. A haɗa mata sinima a falo, babban talabijin da kayan sauti, matan unguwa su riƙa zuwa kallo, ta yi ƙawaye, ta kwance kaya. Ya turo kuɗi ya ce, "Baba, ka yi kasafi da kyau, kada abu ɗaya ya cinye."

Kasafi! Ni da na raba kifin taru, babbar ragar nan tamu, tun bai san hanyar makaranta ba. Na yi irin rabon da muka gada a bakin ruwa, inda ake fitar da kason jirgi, da kason inji, da kason taru, sannan na mutane. Na fitar da kason talabijin, shi ne jirgi. Na fitar da kason sifika, ita ce inji. Waya da ƙusa da katakon ratayewa su ne taru. Ladan mai haɗawa shi ne kason mutane. Sai wani ɗan kaso da ɗana ya ce a ware don gilashin tagar baya, wadda har lokacin raga ce kawai a jikinta. Na zauna na kalli rabon nan, na ga ko gwamna iyakar abin da zai yi ke nan.

Talabijin bai ba ni wahala ba, ido na da saura. Na nuna wanda ya kai faɗin ƙofar shago na ce a ɗaure. Sifika ce ta tsayar da ni.

Mai shagon mutum ne mai ƙiba da fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ya jera mini kaya iri uku. Na farko dogon abu ne siriri kamar taɓarya, a ajiye a ƙasan talabijin shi ke nan. Na biyu sifika biyu ne, dama da hagu. Na uku runduna ce guda: ƙanana biyar da wani baƙin akwati da ya kai turmi girma.

"Wanga hwa?" na tambaya.

"Wufa ke nan, Baba. Shi ne mai gida. Uku a gabanka, biyu a bayanka, shi kuma a ƙasa. In mota ta wuce a fim, ta bayanka za ka ji ta taho, sai ka kauce."

"In kauce a falona?"

"Wallahi sai ka kauce. Wani alhaji har hularsa ta faɗi."

Ya kunna taɓaryar. Na ga fitila tana ƙiftawa, ban ji komai ba. Ya kunna biyun. Na ji wani abu kamar sauro a cikin gwangwani. Na ce masa kayansa ba su da lafiya. Ya dube ni, ya dubi kunnena, ya yi shiru irin na mai neman ciniki.

A nan ne ilimin ruwa ya yi mini rana, ko kuma na zaci ya yi. Mu direbobin jirgi ba da kunne muke gane lafiyar inji ba, kunnuwan sun mutu tun tuni. Ruwan da ya taru a cikin jirgi muke kallo. In inji lafiyayye ne, ruwan yana rawa daidai, zobe bayan zobe. Na ce a ba ni kwano da ruwa. Mai shago ya zaci sha zan yi. Na ɗora kwanon a kan taɓarya na ce kunna. Ruwa ko motsi. Na ɗora a kan biyun, ya ɗan girgiza kamar mai jin kunya. Na ɗora a kan baƙin akwatin na ce kunna, ƙara, ƙara dai. Ruwa ya tashi yana tsalle, ya fantsama ya jiƙa saman akwatin, na ji abin yana dukana a ƙirji kamar ina zaune a gindin injina. Rabona da in ji sauti ya shiga jikina haka tun da na sayar da jirgin. Idona har ya kawo ruwa.

"Wanga nake so."

"Baba, ko ba ka so ka saya, ka yi masa wanka."

Da ya faɗi kuɗi sai kasafin gwamna ya fara tangal-tangal. Kason inji bai kai ba. Na yi ciniki har masu shagunan kusa suka taru kallo, na tuna masa na san kakansa, ya ce kakansa bai taɓa zuwa Yauri ba. A ƙarshe ya yarda zai zo ya haɗa da kansa kyauta, kason mutane ya shiga cikin inji. Duk da haka da saura. Na dubi kason gilashin taga, na ce a raina ai damina ta wuce, raga ma ta isa, iska ta fi shiga. Na tura shi ciki.

Ban gaya wa Hajiya ranar da za a haɗa ba. So nake ta shigo ta tarar da abu ya kammala, in ga bakinta a buɗe, in samu abin tsokana na shekara. Ta ga an shigo da kwalaye da azahar, ta ce mi ne ne, na ce aikin maza ne. Ta taɓe baki ta koma tsakar gida inda take gyaran tarwaɗa.

Mai shago ya hau kujera ya yi ta buga ƙusa. Uku a gaba, wufa a lungu. Biyun baya ya ce dole su kasance a bayan kujerar zama, sama da kai kaɗan. Bayan kujerar zama kuwa tagar baya ce. Ya rataye ɗaya a damanta ɗaya a hagunta, bakinsu a gefen raga. Ni da shi ba wanda ya leƙa ya ga abin da ke bayan tagar. Shi ɗan cikin gari ne, bai taɓa gudu ba. Ni na taɓa, amma a ranar hankalina yana kan akwatin.

Bayan la'asar ya gama. Ya ciro filashi daga aljihu ya ce akwai fim ɗin da yake gwada kaya da shi, na Turawa, nan ne za a ji aikin biyun baya. Ya kunna. Wasu mutane ne a kan babura da yawa suna bin wata mota a cikin jeji.

"Ƙara," na ce.

"Baba, ya isa haka."

"Kuɗina ne ko naka? Ƙara."

Ya ƙara. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata. Kunnen dama ya dawo bakin aiki da gudu. Na ji baburan sun taso daga bayana, ta taga, sun ratsa falo sun wuce gaba, wasu sun sake tasowa. Sai harbi, ta hagu, ta dama, ta baya. Na kauce, wallahi na kauce, har na yi dariya na dafe hula. Ina cikin dariyar na ga mai shago ya daina tasa. Ya juya yana kallon ƙofa. Ya danna rimot, falo ya yi tsit, amma ihun bai tsaya ba. Ihun ba na fim ba ne.

Na fita tsakar gida. Kwanon kifi a kife, tarwaɗa ɗaya tana birgima a ƙasa, wuƙa a gefe. Takalmin Hajiya ƙafa ɗaya a bakin zaure. Na juya na dubi bakin ƙofar falo. Ta shigo ta ɗauki ƙunshin a bayanmu, muna kallon babura ba mu gan ta ba.

A waje unguwa ta watse. Rabin mutanen layinmu irinmu ne, daga ƙauyukan Ngaski da Shanga suka taso, kowa da ranar da yake tunawa. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mata da goyo, maza da awaki a kafaɗa, wani tsoho maƙwabcina ana jansa a baro. An buɗe ƙofar makarantar Islamiyya, malamai suna kora yara gaba suna ƙirga kawuna da hannu. Kowa ya nufi gangare, wajen ruwa. Ina ɗaga hannu ina cewa fim ne, fim ne, wata mata ta bangaje ni ta wuce, ko kallona ba ta yi ba.

Sai ga 'yan sa-kai sun ɓullo ta cikin gero, a sunkuye, da bindigogin toka da adduna. Sun kewaye gidana, don daga nan aka ji harbin. Mai shago ya zaɓi wannan lokacin ya fito, jaka a rataye, waya a naɗe a hannu, baƙon da ba wanda ya sani a unguwar. Kafin ya buɗe baki mutum biyu sun kai shi ƙasa. Na ga bakin bindiga a ƙeyarsa.

"Ina sauran?" in ji babbansu, wani baƙin dogo mai layu a damtse. "Ina kuka ɓoye baburan?"

Na taɓa ganin iska ta kifar da jirgi da mutane a tsakiyar tafki, ban ji tsoron da na ji a lokacin ba. Yatsan yaron da ke riƙe da bindigar rawa yake yi. Na san in wani ya yi tari da ƙarfi mai shago ya tafi. Ban san lokacin da gwiwoyin nan nawa da suka ƙi jirgi suka durƙusa ba. Na rufe ƙeyar mutumin da tafin hannuna.

"Kwamanda, baƙona ne. Ba kowa a gidan. Baburan suna cikin talabijin."

"Baba, tashi. Ƙila sun tsorata ka ne. In suna ciki ƙifta mini ido."

"Idona lafiya lau, kunnena ne matsala. Shiga ka gani."

Bai yarda ba sai da ya tura mutum uku suka bincika har banɗaki. Sannan ya shiga falo da kansa, bindiga a gaba. Aka ɗago mai shago, bakinsa da ƙasa, aka ce ya nuna. Ya rage sautin ya kunna. Babura suka taso ta taga a hankali. Kwamanda ya waiwaya da sauri, ya ga raga da gero, ya dawo da kallonsa kan akwatin.

"Baba, ka san yara nawa ke gudu zuwa ruwa yanzu?"

Ya ciro waya ya fara kira, ya tura mutanensa su bi gangare suna faɗa wa jama'a su dawo. Ni kuwa magana ɗaya ce a kaina. In Hajiya ta kai bakin ruwa, ba za ta tsaya jin sanarwa ba.

Ɗan acaɓa ɗaya ne ya rage a bakin titi, shi ma don mai ya ƙare masa yana ta girgiza tanki. Da ƙyar babur ya tashi. Muna gangarawa mutane suna jin ƙararmu a bayansu suna faɗawa cikin kwata. Na yi ta ɗaga hula ina cewa ni ne, ni ne, kamar hakan wani abin kwantar da hankali ne.

A tashar jirage ana ta turereniya. Labari ya fara isowa cewa ƙarya ce, wasu sun tsaya suna tambaya, wasu sun ce ba za su yarda ba sai sun ga gawar ƙaryar. Jirgin gungu na ƙarshe yana shirin tashi, direba ya riga ya naɗe igiyar inji. Na hango ta a tsakiya, ƙunshi a cinya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe bakin jirgin.

"Direba, dakata. Na riga ka shiga wannan sana'a."

"To Baba ka san rana tana faɗuwa."

Na dubi Hajiya. Ba ta kuka. Da kuka take yi da na samu sauƙi.

"Hajiya, ba su ba ne. Kayan da wancan na Kaduna ya saya miki ne. Fim ne."

"Na sani. Tun a hanya na ji ana faɗi."

"To sauko mu tafi gida."

"Ba ni sauka."

Mutanen jirgin suka zuba mana ido, kowa ya sami fim kyauta. Na gwada hanyar da na saba. Na ce ɗiyar kawu, ashe har yanzu kina da gudu haka, da na sani da na sa ki gasar makarantu. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Malam, kai kurma ne. Ba zagi ba ne, Allah ya yi. Ni ce kunnenka. Tun da muka tare a gidan nan ban yi barcin rana ba, ina daka ina saurare, ina salla Allah ya gafarta mini ina saurare. Yau ka kawo abin da ke kwaikwayonsu ka rataye a tagar da nake tsaro. Gobe in na ji babura ta gero, mi zan ce? In ce fim ne in ci gaba da wanke kifi? Ko ana kallo su zo da gaske, wa zai ji? Ni da matan da kuke so in tara, duk a same mu zaune."

Ruwa yana lasar wandona. Direba ya ja igiya, inji ya yi tari bai tashi ba. Na san irin injin, a ja na biyu zai tashi.

"In an cire fa?"

"Ka cire, gobe ka mayar. Na ga yadda kake shafa kwalin nan."

"To ke ki zaɓa. Ki je shagon da kanki. Abin da kunnenki ya yarda da shi shi za a sa, wanda ya ƙi a fitar. Ni na sauka daga kujerar, na miƙa mulki."

Direba ya ja na biyu, inji ya tashi. Jirgin ya fara janye hannuna. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta ce, "Ke baiwar Allah, ko ki sauka ko ki ce ya saki, zai faɗi." Hajiya ta dube ni, ruwa ya kai mini cinya. Ta yi tsaki ta miƙo mini ƙunshin.

"Riƙe. Kada ka jiƙa mini magani."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a ƙofar gidajen mutane. Mai unguwa ya ce in bi gida gida, na bi. Wata mata ta gurɗe ƙafa, wani ya rasa tunkiya, wata yarinya ta yi kwana biyu ba ta magana. A gidan yarinyar ban yi wasa ba, na zauna a zaure har ubanta ya ce in tashi ya wuce. Wancan na Kaduna ya kira, ya fara faɗa, ya tuna da wa yake magana, ya koma cewa "Amma Baba" har katinsa ya ƙare.

Mai shago, da ya ga na shigo da Hajiya, sai ya ɓoye a bayan kantar shagonsa. Na ce masa ba da 'yan sa-kan ranar nan muka zo ba. Hajiya ba ta nemi kwano ba. Ta ce ya ɗauko taɓaryar da biyun nan ya biyo mu gida, a falo za ta gwada, shago ba ya gaya mata komai. Ya ce shi da unguwarmu sai a lahira. Ta ce ta riga ta gaya wa Kwamanda, shi zai rako shi. Haka aka yi.

Gwajinta ya fi nawa wahala. Ta sa aka kunna fim ɗin Hausa, ta zauna a kujera ta juya wa taga baya. Ta aiki ɗan acaɓan nan ya zagaya can bayan gonakin gero ya taho a hankali, ba tare da ya faɗi lokacin da zai taso ba. Kwamanda ya sanar da layin tukuna. Muka zauna. Ana cikin fim ta ɗaga yatsa.

"Ga shi can. Ya wuce tsamiya."

Kwamanda ya leƙa ta raga ya gyaɗa kai. Aka ƙara sauti kaɗan, aka sake tura shi. Ta sake kama shi. Aka ƙara, wannan karon sai da ya iso bakin gero ta ji. Ta ce a mayar baya. Da biyun nan sauti yana cika ɗaki da wuri, ta ce a kwashe. Taɓaryar ta zaɓa, don ta gaba kawai take magana, ta bar mata bayanta. Ta karɓi rimot ta sa mai shago ya nuna mata lambar da aka tsaya, ta ce daga nan ba a wucewa ko wa ya zo, ko wancan na Kaduna ne.

Mai shago ya karɓi ƙananan biyar ɗin, bayan an cire kuɗin taɓaryar canjin da ya rage ya isa gilashin taga. Hajiya ta ce a sa irin wanda ake zugewa, kuma a bar shi a buɗe. Wufa kuwa ya ƙi karɓa, ya ce tabon ruwan kwanona ya ɓata samansa. Yana nan a lungu, wayarsa a naɗe. Wani lokaci in ba kowa ina dafa shi in wuce.

Ƙunshin ya koma bakin ƙofa. Matan layin suka fara zuwa, da farko don su ga akwatin da ya kore su, daga baya don fim. Wata safiya na dawo masallaci na duba bakin ƙofa ban ga komai ba. Na zaci ta tafi, na tsaya riƙe da labule. Sai na hangi zanen a ninke a kan wufa, tasoshinta a jere a kansa, carbi a rataye a ƙusar da sifikar baya ta bari.

"Teburin naka ya yi tsada," ta ce daga tsakar gida, "amma bai girgiɗi."

Yanzu da la'asar muna kallo tare. A lambar da ta tsayar ni ba na jin komai, bakuna kawai nake gani suna motsi. Ita ke ba ni labari a kunnen dama, kuma na tabbata tana ƙari, don ba yadda za a yi kowane fim a ce akwai tsohon kurma mai taurin kai a ciki. Jiya tana tsakiyar gaya mini abin da alƙalin cikin fim ya ce sai ta yi shiru, ta danna rimot, ta karkata kai wajen taga. Matan da ke zaune duk suka daina motsi. Ni fuskarta nake kallo.

"Ɗan acaɓa ne," ta ce. "Guda ɗaya, ta hanya."

Ta mayar da sautin, ta ci gaba daga inda alƙali ya tsaya.